Wanda Ya Ratso: Tarihin Alhakin Mafaka a Kan Iyakar Illela

Tozai na cikin ƙaramar hukumar Illela, can ƙurewar arewacin jihar Sakkwato, inda mutane ke kwana su tashi da iyaka a bakin gona. Tsakanin garin Illela da Birnin Ƙonni 'yan kilomita ne kawai. Ran Lahadi mutanen Ƙonni na cin kasuwar Illela, ran Laraba na wannan ɓangare su ci ta Ƙonni. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, naira da sefa a aljihu guda. Kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Kware da Gwadabawa ba a Illela ta tsaya ba. Ta zarce Ƙonni, ta nufi Tawa da Abalak har Agadas, a can kuma hanya ta rabu biyu: ɗaya ta bi Dirku zuwa Sabha ta Libiya, ɗaya ta bi Arlit da Asamaka zuwa Tamanrasat ta Aljeriya. Duk wanda ya girma a wannan yanki ya ga masu wucewa iri-iri: falke, ɗan ci-rani, almajiri, yarinyar da aka yaudara da aikin Turai, da wanda ya baro gida daga shi sai rigar jikinsa domin an ƙone garinsu.

A kan wannan na ƙarshe za mu yi magana. Idan ya tsere daga ƙasarsa, ya ratsa ta biyu, ya yada zango a ta uku, wacce doka ta ɗora wa nauyin ta saurare shi ta kuma tsare ransa? Yau tambayar ta zama abin faɗa a majalisu da kotunan Turai, har wasu na zaton can ta samo asali. Alhali ƙasar da ke tsakanin Sakkwato da Adar da Gobir ta sha amsa ta, wani lokaci da mutunci, wani lokaci da abin kunya.

Daular Usmaniyya kanta da hijira ta soma. A Fabrairun 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Ɗegel da jama'arsa zuwa Gudu, gefen ƙasar Gobir, inda hannun Sarki Yunfa bai cika kaiwa ba. Ba a jima ba reshe ya juye da mujiya. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watsu. Sarakunan Haɓe na Katsina suka yi arewa suka zauna Maraɗi, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 kuma ragowar gidan sarautar Gobir ya kafa Tsibiri kusa da su. Daga Tsibirin ne wani reshe ya dawo kudu ya kafa Sabon Birni. Wato garuruwan da a yau suke karɓar masu gudu daga gabashin Sakkwato, kakannin masu gudun ne suka kafa su.

A wancan zamani akwai ƙa'ida, kuma rubutacciya ce. Littattafan fiƙihu da alƙalan Sakkwato suka karanta sun yi babi a kan bai wa baƙo aminci, suna jingina shi ga aya ta 6 a Suratut Tauba, wadda ta umarci a bai wa mai neman tsari tsari ko da ba Musulmi ba ne, sannan a raka shi har inda zai aminta. Ƙarshen umarnin ne ya fi shafar maganarmu: nuna wa mutum ƙofa ba ya sauke nauyi, sai an tabbata inda ya nufa ba halaka ba ce. Malamai kan ƙara da labarin Najjashi na Habasha, da ya ƙi miƙa Sahabbai ga jakadun Ƙuraishawa sai da ya ji ta bakinsu. A wajen fatake ma haka abin yake tafiya. Baƙo ya sauka gidan fatoma, fatoma ke tsaya masa a gaban sarki da kasuwa, in zai wuce ya haɗa shi da madugu ko wani maigida a zango na gaba. Kada dai a ɗauka zamanin ba shi da aibi. Wanda ya rasa mai tsaya masa, musamman in daga ƙasar da ake yaƙi da ita ya fito, yana iya ƙarewa a kasuwar bayi. Kariyar ta dogara ga samun mutumin da zai ce wannan baƙona ne.

Sai Turawa suka zo da layi. A 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar farko a kan takarda, daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tabkin Chadi. A 1898 suka zana baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, wanda ya bar Ƙonni a rabon Ingila. Hakan bai hana rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine afka wa garin a 1899 ta yi masa kisan da har yau ake ba da labarinsa ba. Faransawa suka yi ta ƙorafi cewa rabonsu ba shi da rijiyoyin da za su kai su Damagaram, aka sake zama a 1904, aka kuma a 1906, layin na gangarowa kudu, har Ƙonni ta koma hannunsu. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Chadi. Daga ranar, mutumin Tozai da ɗan'uwansa na ƙetare suka zama talakawan sarakuna biyu da ba su taɓa gani ba.

Gudun farko na wannan sabon zamani yana cikin mafi girma a tarihinmu. Bayan faɗuwar Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da dubban mutane, Turawa suka bi shi har Burmi, inda ya yi shahada a Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a, suka ratsa ƙasashen da ke tsakanin Chadi da Nilu shekara da shekaru, kafin su zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da ma'aunin wasu ƙasashe na yanzu za a auna su, da an ce musu me ya hana ku tsayawa a ƙasar farko da kuka taka. Shekara uku bayan Burmi, Malam Shu'aibu Ɗan Makaho ya tsero daga ƙasar Zabarma bayan Faransawa sun murƙushe boren da ya shiga, ya faɗo Satiru kusa da Sakkwato. Da aka rusa Satiru a Maris 1906, a Sakkwato aka yanke masa hukuncin kisa. Masu mulkin biyu suna gasa a komai, amma a kan ɗan tawaye bakinsu ɗaya. Talaka kuwa, da ya ga harajin Faransa da aikin tilas da ɗiban soja sun yi masa yawa, sai ya kwashi iyalinsa da dare ya sauka wajen dangi a ƙasar Ingilishi. An yi haka a yunwar 1913 zuwa 1914, an yi bayan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ya tarwatsa Buzayen Azbin, an kuma yi a yunwar 1931. Ba wata doka da ta kira su 'yan gudun hijira. Hakimi ya rubuta su a littafin haraji, shi ke nan sun zama 'yan gari.

Dokar da duniya ke aiki da ita yau an rubuta ta ne a Janiba a Yulin 1951, domin mutanen da Yaƙin Duniya na Biyu ya tarwatsa a Turai. Ƙasashe 26 suka halarci taron, Masar kaɗai daga Afirka. Ginshiƙin yarjejeniyar shi ne sashe na 33: ba a mayar da ɗan gudun hijira, ta kowace hanya, inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Sashe na 31 kuma ya hana a hukunta shi don ya shigo ba takardu, muddin kai tsaye ya zo daga inda ake barazana ga ransa. A kan wannan sharaɗi na zuwa kai tsaye aka ja daga a zauren. Faransa na tsoron waɗanda suka riga suka samu wurin zama a maƙwabta su kwararo mata. Sai Kwamishinan 'yan gudun hijira na Majalisar Ɗinkin Duniya na farko, Gerrit Jan van Heuven Goedhart, ya tuna wa wakilai yadda shi kansa ya tsere wa 'yan Nazi daga Holan a 1944, ya ratsa Beljiyam da Faransa da Sifaniya kafin ya tsira, ba kuwa inda zai iya zama lafiya a kan hanyar. Abin da aka nufa ke nan: wanda ya samu matsuguni ya bar shi daban, wanda ya ratsa kawai daban. Babu inda yarjejeniyar ta ce dole mutum ya nemi mafaka a ƙasar farko da ya taka. Amma kuma ba ta faɗi ƙasar da za ta saurare shi ba, kuma ta wannan kafa duk rigimar baya ta shigo. A shekarun 1970 har aka riƙa samun mutanen da ake cillawa daga wannan filin jirgi zuwa wancan, kowace ƙasa na cewa ba nata ba ne. A 1979 kwamitin zartarwa na UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi matsaya cewa bai kamata a hana mutum mafaka don kawai zai iya nemanta a wata ƙasa ba. Shawara ce, ba ta ɗaure kowa.

Nijar ta karɓi yarjejeniyar Janiba a 1961, Najeriya sai a 1967. A tsakanin nan aka yi wani abu a wannan iyaka da ba a cika son tunawa ba. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar a 1959, magoya bayanta da dama suka fake a Kano da wasu garuruwan Arewa, 'yan NEPU suka karɓe su hannu biyu. Da mayaƙan jam'iyyar suka kutsa Nijar a ƙarshen 1964, har ta wajen Ƙonni, gwamnatin Arewa ta tsaya bayan shugaban Nijar Diori Hamani, aka kama wasu 'yan Sawaba aka miƙa su ga gwamnatin da suka gudo wa. Wanda ya ɗauki makami da wanda ya gudu da ransa kawai, a irin wannan kame ba a cika tsayawa tantance su ba.

Afirka ta rubuta tata dokar ran 10 ga Satumba 1969 a Adis Ababa, ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ta fara aiki a 1974. A ganina ita ce takarda mafi daraja da shugabannin wancan zamani suka bar mana, kuma abin takaici ne yadda ba a koyar da ita a makarantunmu. Ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira ta haɗa da duk wanda mamaya, ko mulkin baƙi, ko tashin hankalin da ya dagula zaman lafiya a wani sashe na ƙasarsa ya tilasta wa fita. Ba sai ya tabbatar cewa shi a karan kansa ake farauta ba. Ta hana a kore shi a bakin iyaka. Ta ce ba da mafaka aikin jinƙai ne, kada wata ƙasa ta ɗauke shi gaba. A kan mai ratse kuwa ta yi magana biyu da Janiba ba ta yi ba: wanda bai samu izinin zama a ko'ina ba, ana iya ba shi zaman wucin gadi a ƙasar da ya fara gabatar da kansa har a sama masa wuri, ƙasar da nauyi ya yi wa yawa kuma ta kai kuka ga 'yan'uwanta, su kuwa su rage mata. Ƙasar farko masauki ce, sauran kuma ba su kuɓuta ba. Shekara goma bayan haka, a Mayun 1979, ECOWAS ta amince a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa a yankin zai iya shiga wata ba biza ya zauna kwana 90.

Da a ce mun riƙe abin da muka sa wa hannu, da muna da bakin yi wa Turai faɗa. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. Kimanin mutum miliyan biyu suka kama hanya, rabinsu 'yan Gana, sauran 'yan Nijar da wasu maƙwabta, har da 'yan Chadi da ƙasarsu ke cikin yaƙi. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki, aka kuma sake korar baƙi a 1985, daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona a Nijar. Shi ya sa har yau a can ake kiran yunwar shekarar da El-Buhari. Sai a 1986 aka buɗe iyaka, a shekarar ce kuma Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar 1969. Dokar soja mai lamba 52 ta 1989 ta kafa hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa. Nijar ta yi tata dokar a 1997, da kwamitin da ke tantance masu neman mafaka a Yamai.

A daidai wannan lokaci Turai ta ɗauki wata hanya. Da ƙasashenta suka shirya cire shingayen da ke tsakaninsu, sai suka zauna a Dabilin, babban birnin Ailan, a Yunin 1990, suka yanke cewa ƙasa ɗaya tak ce za ta duba buƙatar kowane mai neman mafaka. A bisa takarda akwai adalci a ciki, domin an ce dole wata ta saurare shi, kuma an fifita inda iyalinsa suke. A aikace ƙa'idar da ta rinjaya ita ce ƙasar da ya fara shiga. Aka sabunta tsarin a 2003 da 2013, aka haɗa shi da rumbun zanen yatsa, ta yadda wanda aka ɗauki yatsansa a Lampedusa in ya kai Jamus sai a juyo da shi Italiya. Jamus ma ta gyara tsarin mulkinta a 1993 ta ce wanda ya biyo ta ƙasa amintacciya ba shi da haƙƙin mafaka a wurinta, alhali duk maƙwabtanta a cikin amintattun suke. Nauyi ya taru a kan Girka da Italiya da Malta da Sifaniya, su kuma suka waiga kudu. A 2008 Berlusconi na Italiya da Gaddafi na Libiya suka ƙulla yarjejeniya a Bengazi, a Mayun 2009 jiragen ruwan Italiya suka fara tare mutane a teku suna mayar da su Tarabulus ta Libiya, ƙasar da ba ta taɓa sa hannu a yarjejeniyar Janiba ba.

Kotuna sun taka birki sau da yawa, kuma abin da suka faɗa ya cancanci a sani a Illela. A Janairun 2011 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta sami Beljiyam da laifi don ta mayar da wani ɗan Afganistan Girka alhali ta san halin ƙunci da zai tarar. A Fabrairun 2012, a shari'ar Hirsi Jamaa, wadda 'yan Somaliya 11 da 'yan Eritiriya 13 suka shigar, ta ce tun da mutanen suka hau jirgin sojan Italiya sun shiga hannun Italiya, ko da a tsakiyar teku ne, kuma mayar da su Libiya haram ne a doka. A Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta rushe shirin kai masu neman mafaka Ruwanda, domin akwai haɗarin daga can a tasa ƙeyarsu zuwa inda suka gudo. Sabuwar gwamnati ta soke shirin a 2024, bayan ya ci fam miliyan 700 a faɗar ministar cikin gida, mutum huɗu kacal kuma suka tafi, su ma da yardarsu. Hukuncin duka ɗaya ne: wanda mutum ke hannunsa shi ke da alhakinsa, kuma miƙa shi ga wani ba ya wanke mai miƙawa. Darasin da gwamnatoci suka ɗauka daga nan shi ne kada mutum ya shigo hannunsu tun farko. Aka koma biyan wasu su tare shi tun daga nesa: Turkiyya a 2016, masu gadin gaɓar Libiya a 2017, a tsakiya kuma Nijar.

A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance a jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Wannan musiba na cikin hujjojin da gwamnatin Mahamadou Issoufou ta kafa wajen yin doka mai lamba 2015-36 ran 26 ga Mayu 2015, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da ƙwace mota ga mai safarar baƙin haure. A Nuwamban shekarar aka yi taron Baleta a Malta, Tarayyar Turai ta buɗe asusu na yuro biliyan 1.8 domin Afirka, Nijar ta shiga sahun gaba na masu amfana. Daga tsakiyar 2016 aka fara kame a Agadas. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga fiye da mutum 330,000 da suka nufi arewa ta Nijar a 2016, a 2017 adadin ya sauko kusan 70,000. Waɗanda ba a ƙirga ba su ne suka kauce wa rijiyoyi da shingaye suka bi hanyoyin da ba a dawowa. Abin ya iso har ƙofar gidanmu: a Birnin Ƙonni aka girke rundunar 'yan sanda ta musamman mai sintirin iyaka, da kuɗin Jamus da Holan. Ɗan Najeriya da yarjejeniyar Dakar ta ba izinin yawo a Nijar sai ya zama abin tuhuma da zarar ya fuskanci arewa.

Ba tarewa kaɗai aka ɗora wa Nijar ba, har da ajiya. A Nuwamban 2017, watan da duniya ta ga hoton bidiyon cinikin mutane a Libiya, UNHCR ta fara kwaso waɗanda ke tsare a can zuwa Yamai, daga baya zuwa sansanin Hamdallaye, a kan alkawarin ƙasashen Turai da Kanada da Amurka za su ɗauke su. An ceci rayuka da wannan shiri, ba mai musu. Amma ɗaukar ta yi ta jan ƙafa, har Nijar ta dakatar da karɓa na wasu makonni a 2018. Su kuwa 'yan Sudan, galibi mutanen Darfur, da suka gudo daga Libiya da ƙafarsu suka taru a Agadas, ba su shiga wannan layi ba. Sun baro Darfur, wasu sun yi shekaru a sansanonin Chadi, sun sha azaba a Libiya, ga su a ƙasa ta huɗu. Mutanen gari na zargin akwai tsofaffin mayaƙa a cikinsu. A Mayun 2018 aka kwashi fiye da 130 aka kai su iyakar Libiya, abin da yarjejeniyar 1969 ta hana ƙarara. Sauran aka tsugunar da su a wani sansani a bayan gari. A Disamban 2019 suka yi zaman dirshan a ƙofar ofishin UNHCR, a farkon Janairun 2020 aka tarwatsa su da ƙarfi, sansanin ya ƙone, aka kama fiye da 300. Sudan ce ta kore su, Libiya ta azabtar da su, Turai ta rufe ƙofa, amma ƙasar da ke cikin mafi talauci a duniya aka bari da amsa tambaya.

Aljeriya kuwa, wadda ta sa hannu a Janiba da Adis Ababa duka, tana kwaso baƙi a manyan motoci ta zube su a wani fili da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 a 2024 kaɗai. Akwai 'yan Nijar a ciki, da 'yan Najeriya da Gini da Mali. A farkon 2019 UNHCR ta koka cewa har da 'yan Siriya da Yaman da Falasɗinu, wasunsu da rajistar gudun hijira a hannu.

Ana cikin haka gobarar ta kama gidanmu. Daga Afrilun 2019 mutanen Sabon Birni da Isa da ƙauyukan Zamfara da Katsina suka fara tsallakawa jihar Maraɗi, suna gudun ɓarayin daji masu kisa da satar mutane da ɗora wa gari haraji. Cikin 'yan makonni UNHCR ta ƙirga kusan 20,000. A Afrilun 2020 wasu 23,000 suka bi. Zuwa farkon 2021 'yan Najeriya da ke gudun hijira a Maraɗi sun kai 77,000. A Nuwamban 2021, watan da aka kashe gomman mutane a ƙauyukan Illela da Goronyo, wasu 11,500 suka shiga jihar Tawa, yawanci yankin Bangi a gundumar Madawa. Kafin wata motar agaji mai tambari ta iso, masu gari da talakawan Gidan Rumji da Bangi ne suka buɗe rumbunansu, suka ba da ɗakuna da zaure. Nijar ta karɓe su a dunƙule bisa ma'anar 1969, ba ta ce kowa ya kawo shaidar wanda ya kore shi ba, aka kuma matsar da wasu nesa da iyaka zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, kamar yadda yarjejeniyar ta tanada. A duniya ma haka lissafin yake: kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan gudun hijira a ƙasashen da ke maƙwabtaka da tasu suke zaune.

A ɗauka 'yan gida ɗaya ne harin dare ɗaya ya tarwatsa. Wanda ya gudu cikin garin Illela ko Sakkwato ya kwana a kangon makaranta bai ƙetare iyaka ba, don haka alhakinsa na wuyan Najeriya ɗungurungum, bisa yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan masu gudun hijira na cikin gida, wadda ta tabbatar a 2012. Nijar ta riga kowa a Afirka mayar da wannan yarjejeniya dokar cikin gida a 2018, mu kuwa mun daɗe muna jan ƙafa. Ƙanensa da ya taka 'yan kilomita zuwa arewa ya zama ɗan gudun hijira mai kati da haƙƙi. In kuwa zaman ya gagare shi, ga ba gona ga tallafi ya ragu, ya bi kwaltar nan zuwa Agadas, to kariyar na raguwa da kowane zango. Faɗaɗɗiyar ma'anar 1969 ba ta ƙetare Bahar Rum. In ya kai Turai za a tambaye shi me ya hana shi komawa Legas ko Abuja, me kuma ya fitar da shi daga Nijar. Ban ce duk wanda ya bi wannan hanya mai neman mafaka ba ne. Mafi yawansu abinci suke nema, kuma kowace ƙasa na da ikon tantancewa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke wa mutum hukunci da hanyar da ya biyo kafin a ji abin da ya koro shi. Kuma laifin farko, a faɗi gaskiya, na gwamnatin da ta kasa tsare shi a gonarsa ne.

Iyakar kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba. Najeriya ta rufe ta a Agustan 2019, ta buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfum a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa da takunkumin ECOWAS, sai a Maris 2024 motoci suka koma wucewa, alhali masu gudun harsashi ba su daina bin ta gonaki ba ko na kwana ɗaya. A Nuwamban 2023 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya soke dokar 2015-36, aka saki waɗanda aka ɗaure a kanta, a Disamba kuma ya sallami tawagar tsaro ta Tarayyar Turai. Turai ta amince da sabon tsarin mafaka a 2024, da aka tsara ya fara aiki a tsakiyar 2026, wanda ya bar ƙa'idar ƙasar farko a wurinta, ya kuma ba ƙasar da ba ta son karɓar mutum damar biyan yuro 20,000 a madadinsa. Ran 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga har sai an yi wata sanarwa. Wato 'yancin da yarjejeniyar Dakar ta tabbatar wa mutanen Illela da Ƙonni shekara 45 ya koma rataye a kan sanarwa. Yarjejeniyar 1969 kuwa ta Tarayyar Afirka ce, ficewa daga ECOWAS ba ta taɓa ta ba, kuma har yanzu tana ɗaure Abuja da Yamai da Aljas da Tarabulus baki ɗaya.